Zangarniya Biyu a Gwangwanin Madara

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa cikin ladabi da biyayya, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji, makwancinki da haske da yalwa. Ni ce Luba. Yanzu ina aji ɗaya na ƙaramar sakandare. Rubutuna ya fi yadda kika bar shi, ko da yake har yau layina yana gangarawa ƙasa idan na kai ƙarshen takarda.

Kin san bakina ba ya iya doguwar magana, shi ya sa na ɗauki biro. Wata malama da zan ba ki labarinta ta ce idan na gama za ta sa wasiƙar a shafinta na intanet, don masu tsohon iri a gida su karanta. Na ji kunya ƙwarai, amma na yarda. Ina da laifi guda da zan faɗa miki, ina kuma da albishir. Zan fara da laifin, tunda shi ne ya riga zuwa.

Kin tuna damman shinkafa biyu da kike ratayewa a saman murhu, inda hayaƙi yake hana ƙwari zuwa? Ɗaya kin ɗaure shi da jan ƙyalle, ɗaya da baƙi. Mai jan ƙyalle jar shinkafa ce, kina ce mata Ƙi-baƙo. Mai baƙin ƙyalle fara ce gajeriya, kina ce mata 'Yar-haƙuri. Kin ce daga hannun Kaka kika karɓe su ranar da aka kawo ki Runjin Sambo, ita kuma daga hannun uwarta. Ba kya bari su haɗu ko a faifai. Duk damina Baba yana shuka miki su a gayaunarki, can bakin fadama inda ƙasa ta fara zama yashi kuma ruwa ba ya daɗewa a kwance.

Ke ba kya zuwa gona, amma gonar tana zuwa gare ki. Idan shinkafa ta yi tsayin gwiwa sai ki ce Baba ya tumɓuko miki gindi ɗaya-ɗaya da ƙasarsa. Yakan yi dariya ya ce mutane suna kawo wa matansu tsire, shi kuwa laka ake aikensa. Sai ki zauna a bakin rijiya da ƙwarya, ki wanke saiwar a hankali kamar kina wanke kan jariri.

Ba ki taɓa kiran sunana ba, tunda ni ce ta fari. Sai dai ki ce, “Ke wagga, taho ki gani.” Saiwar Ƙi-baƙo fara sol, doguwa, kamar gemun tsoho. Saiwar 'Yar-haƙuri kuwa duk ƙulle-ƙulle ne, bakin kowace ya kumbura ya lanƙwashe kamar ƙugiya. Na ce miki to wannan ai ba ta da lafiya. Kika ce haka ne, amma in jira kaka in gani, za ta cika mudu duk da haka. Sannan kika faɗi maganar da har yau nake ji a kunnena: “Ganye maƙaryaci na, saiwa ka hwaɗin gaskiya.”

Na tambaye ki me yake ƙulla saiwar. Kika ce wani baƙo ne a ƙasa, ba ki taɓa ganinsa ba, aikinsa kawai kike gani.

Ina aji biyar Allah ya yi miki cikawa. Gwaggo Ige, yayar Baba, ta taso daga Minanata ta zauna da mu. Ta riƙe mu da kyau, Inna, kada ki ji wani abu a ranki game da ita. Da sadakar arba'in ta matso sai ta ɗaga kai ta ga damman nan. Ta ce, “Abin mamaci ba a barin shi rataye hayaƙi na ci. A dahwa a bayas, lada ta ishe ta can.” Baba a lokacin ko abinci sai an tuna masa, bai san abin da ake ciki ba.

Ni na sani. Na san iri ne, ba abinci ba. Na san idan an turara shinkafa ta mutu, ko an binne ta shekara ba za ta tsiro ba, domin ke kika koya mini. Ina tsaye a jikin ƙofar madafa, amma na kasa faɗa. Gwaggo ce, babba ce, kuma don ke take yi. Ina kallo ta kwance jan ƙyalle da baƙi, ta zube su wuri ɗaya a tabarma.

Da ta shiga ɗaki neman turmi, sai hannuna ya yi abin da bakina ya kasa. Na zari zangarniya ɗaya ja, ɗaya fara, na tsinci ƙyallayen a ƙasa na naɗe kowace da nata, na cusa su a gwangwanin madara na rufe. Sauran aka jiƙa, aka turara, aka shanya, aka casa, aka dafa. Mutanen unguwa suka ci suka yi miki addu'a. Ni ban iya ci ba.

Shekara biyu gwangwanin yana ƙasan akwatinki, ƙarƙashin zannuwanki. Duk lokacin da na tuna shi sai gabana ya faɗi, domin a ganina daga cikin sadakarki na yi sata, na rage miki lada. Ban san wa zan tambaya ba. Nakan buɗe shi in shinshina, ƙamshin hayaƙin murhunki yana ciki, in mayar in rufe. Ina tsammanin muddin yana rufe to irin yana nan lafiya.

A wannan tsakani Baba ya shuka farar shinkafa ta zamani a gayaunarki, irin wadda yake shukawa a cikin fadama tana yin kyau. A nan kuwa ta ƙi. Sai ta taso kore, ta tsaya, ta yi rawaya wuri-wuri kamar kan mai makero. Ya zuba taki, bai yi ba. Ya ƙara, bai yi ba. Wasu suka ce ƙasar ce ta gaji, wasu suka ce baki ne. Damina biyu haka, har ya fara cewa zai bar wurin ga ciyawa.

Sai Malama Rakiya ta zo. Malamar jami'a ce mai binciken shuka, ita da ɗalibanta suna bin bakin fadama suna tumɓuke shinkafa suna duba saiwa. Baba ya ce da ya hango mace da ƙwarya tana wanke saiwa sai ya tuna da ke. Ya ba ta labarinki, ya ce a wannan wurin marigayiya tana da iri biyu da ba su taɓa kunyata ta ba. Ta ce ina irin? Ya ce sai dai ta tambayi mata a gida.

Ranar Asabar da hantsi keke ya sauke ta a ƙofar gidanmu. Gwaggo ta shimfiɗa mata tabarma, ni na kawo ruwa. Ta yi ta'aziyya, sannan ta yi tambayarta. Gwaggo ta ce ai an yi sadaka da shi tuni, ko ƙwaya ba ta saura ba. Malama ta ce irin waɗannan tsofaffin iri haka suke tafiya, gida ɗaya bayan gida ɗaya, kuma idan sun tafi babu kasuwar da ake sayo su. Ina durƙushe riƙe da kofi. Na sake kasa magana, Inna. Ta yi sallama ta tashi.

Ban san yadda aka yi na isa akwatin ba. Na riske ta a zaure tana gyara takalmi, gwangwanin a cikin hijabina. Na ce, “Malama, akwai saura.” Kalma uku ke nan, amma na ji kamar na ɗauke dutsen niƙa daga ƙirjina.

Ta zauna a dakalin zaure ta buɗe. Da ta ga ƙyallayen ta tambayi ma'anarsu, na faɗa mata sunayen da kika sa musu da yadda kike wanke saiwa. Ta daɗe tana kallona. Ta ce abin da kika raba da ƙyalle biyu, su ma a makarantarsu haka suka raba shi: akwai shukar da take hana baƙon zama, akwai wadda baƙon yake shiga amma ta jure ta ba da amfani. Ta ce ta yi shekaru tana karatu kafin ta gane bambancin nan da kyau.

Sannan ta gaya mini abin da ya tsorata ni. Ta ce ƙwayar iri rai gare ta, barci take yi, kuma a zafin Sakkwato barcin ba ya yin tsawo sai ya zarce. Ajiyar iri ba rufewa ba ce, shukawa ce. Ta ce shekara biyu da yawa, mai yiwuwa duk sun mutu a hannuna ban sani ba. Idan na ba ta za ta gwada tashin su, amma ba ta yi mini alkawari ba, kuma ko sun tashi ko ba su tashi ba, zangarniyar ba za ta dawo yadda take ba. Ita ce kuwa abu na ƙarshe da ya rage daga abin da hannunki ya ɗaure. Na riƙe gwangwanin, ita kuma ba ta gaggauta ni ba. Daga baya na miƙa mata, na ce ta bar mini ƙyallayen.

Da na koma cikin gida Gwaggo tana tsaye, ta ji komai. Na jira faɗa. Sai ta ce, “Ke ko, ɓarauniya da kunya! Mi hana ki hwaɗi tun ran nan?” Ta juya ta shiga madafa, na ji tana fyace hanci. Da yamma na yi ƙarfin hali na tambayi Baba ko na rage miki lada. Ya ce abin da aka ci rana ɗaya sadaka ne, abin da za a yi ta shukawa ana ci kuwa sadaka ce mai gudana, idan Allah ya raya shi. Wannan “idan” ɗin na yi ta ɗauka har kwana goma sha biyu.

Ranar da Malama ta aiko, Gwaggo ce ta raka ni. Ɗakin bincikensu sanyi gare shi kamar cikin randa. Ta kawo faranti biyu na gilashi, da jiƙaƙƙiyar takarda a ciki, ƙwayoyin a jere. Yawancinsu sun yi baƙi sun yi fumfuna. Amma a farantin Ƙi-baƙo guda bakwai sun fito da ɗan farin ƙaho, siriri kamar bakin allura. A farantin 'Yar-haƙuri biyu kawai. Daga baya ɗaya ta bushe. Saura ƙwaya ɗaya tak, Inna, daga duk abin da ya biyo hannun Kaka da uwarta. Malama ta sa ta a tukunya ita kaɗai, ta ce ko ɗalibanta ba ta yarda su ba ta ruwa ba.

A ranar ne na ga baƙon. Ta ɗiga ruwan wankin saiwa a kan gilashi, digo ɗaya, wanda idan kin kalla ruwa ne kawai. Ta sa shi a ƙarƙashin madubin da yake ƙara girman abu, ta ce in rufe ido ɗaya in leƙa. Na ga fili mai haske kamar farin wata, a ciki kuma abubuwa suna motsi, dogaye, garai-garai kamar an yi su da ruwa, suna lanƙwasa kamar macizai. Tsutsa ce, sunanta nimatod. A bakinta akwai allura. Malama ta ce da ita take huda bakin saiwa ta shiga, ta sa naman saiwar ya kumbura ya zama mata rumbu, ta zauna tana sha har ta yi ƙiba kamar 'yar gora, ta zuba ƙwai masu yawa.

Na kasa ɗaga kaina. Abin da ya fi gashin ido ƙanƙanta, an yi masa baki, an yi masa ciki, an sanar da shi hanyar saiwa a cikin duhun ƙasa. Tsarki ya tabbata ga wanda ya halicce shi bai manta da abincinsa ba. Na yi ta tunanin ƙasar da muke takawa kullum, ashe gari ne cike da jama'a. Gwaggo ma ta leƙa, ta ja baya ta kama salati, ta ce daga yau ba ta ƙara shan ruwan fadama.

Na so a ce kina nan. Shekara nawa kina ganin aikinsa, ni ce aka nuna wa fuskarsa.

Tsiron nan takwas suka girma suka ba da iri. Daga wannan irin aka shuka wasu tukwane, aka zuba musu tsutsar da gangan, aka jera su da farar ta zamani. Da lokaci ya yi Malama ta ce ni zan wanke saiwar. Na yi yadda kike yi. Ta zamani ta ƙulle, zangarniyarta rabi ƙaiƙayi. Ƙi-baƙo ta fito fara sol, gemun tsoho. 'Yar-haƙuri ta fito da ƙulle-ƙullenta, amma kanta ya sunkuya saboda nauyin ƙwaya. Daidai yadda kika faɗa, babu ragi.

Na tambaya, to me ya sa ba za a raba wa kowa Ƙi-baƙo a huta ba? Malama ta ce jar shinkafa ba ta cika buhu kamar fara, tana zubar da ƙwaya kafin a yanka, iska kuma tana kwantar da ita. Abin da suke so shi ne su ɗauko ƙin baƙon kaɗai su sa wa farar ta zamani. Kafin haka sai sun san inda yake zaune.

Sai ta nuna mini taswira a kwamfuta. Ba ta ƙasa ba ce, ta cikin shinkafa ce. Ta ce a cikin kowane ɗan yanki na ganye, wanda ido ba ya gani, akwai zare goma sha biyu, kowane da abokinsa, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. A jikinsu aka rubuta komai: tsayinta, launinta, ƙamshinta, ranar da za ta nuna. Da harafi huɗu kacal aka yi rubutun, amma tsawonsa ya wuce a karanta shi da baki. A wani wuri a cikin wannan dogon rubutu akwai ɗan layin da yake cewa a rufe wa tsutsa ƙofa. Suna zaton layin jurewa wani wuri dabam yake, wataƙila ma a warwatse yake wurare da yawa.

Na ce ta yaya za a same shi? Ta ce yaya ake kwatanta gidanmu a Runjin Sambo, tunda ba lamba? Na ce a wuce masallaci, a bar mai niƙa a dama, gida na uku mai dalbejiya. Ta ce to haka. Sun san alamomi da yawa a jikin zaren, kamar masallaci da mai niƙa. Za su ɗaura auren Ƙi-baƙo da farar shinkafa ta zamani, su ɗauki garin furen wannan su sa wa waccan da hannu. Ta ce auren yana da wuya domin danginsu da nisa, 'ya'yan fari galibi ba sa haihuwa sai an sake haɗa su da gidan farar. Idan jikoki da tattaɓa-kunne suka yi yawa, kowace za a ba ta tsutsa, a wanke saiwarta, a yanki ɗan ganyenta a duba alamominta. Alamar da take bin masu farar saiwa duk inda suka je, to gidan da ake nema yana kusa da ita. Daga nan mai haɗa iri ba sai ya jira wata huɗu ba, tun shuka tana da ganye uku zai duba ya san ko ta gaji kakarta.

Ta ce aikin zai ci shekaru, kuma ba ta san ko abin da yake cikin irinki sabo ne ko wanda masana suka riga suka sani ba ne. Ta ce wataƙila sai na gama sakandare. Na ce zan jira. A raina na ce wataƙila ma in zo in taya ta, amma wannan ban faɗa ba.

Akwai abu ɗaya da ta faɗa wanda ya zauna mini. Ta ce 'Yar-haƙuri tana da kyau, amma tana da illa: tana ciyar da tsutsar tana yin shiru, sai tsutsar ta yawaita a ƙasa ta jira shukar baɗi. Shi ya sa haƙuri kaɗai ba ya isa, sai an haɗa da mai rufe ƙofa.

Inna, a keke muna komawa gida na yi ta kallon hanya don kada Gwaggo ta ga idona. Ba mu san kina ciwo ba sai daf da ƙarshe. Kina daka, kina yi mana kitso, kina dariyar Baba da lakarsa. Ganyenki kore ne shar har watan da kika kwanta. Kin koya mini duba saiwar shinkafa, ni kuwa ban san in tambayi saiwarki ba. Ba ina ganin laifinki ba ne. Ni ma irinki ce, na tsaya a ƙofar madafa na yi shiru har aka turara dami biyu. Ina koyon magana yanzu, kaɗan-kaɗan. Ran nan a aji na ɗaga hannu sau ɗaya.

Ga albishir ɗin. Da za a rubuta sunan irin a littafinsu, Malama ta ce sai an sa sunan mai shi, ta tambaye ni sunanki. Kin san ba zan iya faɗa ba, na sunkuyar da kai. Gwaggo ce ta faɗa, da ƙarfi, har da sunan Kaka da na garinku. Yanzu yana rubuce a jikin kowace tukunya, da kuma a kan wani ƙunshi da suka ajiye a ɗakin sanyi inda iri yake daɗewa. Na karanta shi da ido sau da yawa.

Makon jiya Malama ta kawo mana namu rabon, dami biyu ƙanana, ba su kai naki ba. Na fito da ƙyallayenki daga gwangwani. Jan ya isa, baƙin ya ruɓe ya tsinke a hannuna. Gwaggo ta kama bakin zanenta baƙi ta yage, ta ɗaure da kanta, ta hau turmi ta rataye su a ƙusar da kike ratayewa. Ta ce duk wanda ya taɓa su, ita da shi. Baba ya ce ruwan farko idan ya sauka zai kai su gayaunarki, kuma idan sun yi tsayin gwiwa zai kawo mini laka.

Allah shi jiƙan ki, Inna, shi gafarta miki, shi yalwata makwancinki. Allah shi sa kowace ƙwaya da za ta fito daga irin nan, a gonarmu ko a gonar wanda bai taɓa jin labarinki ba, ta zama lada a gare ki da Kaka da uwarta. Allah shi yafe mini shirun da na yi, shi haɗa mu a inda ba a rabuwa. Amin.

Na wanke ƙwaryarki, tana bakin rijiya.

Wassalam. Ɗiyarki ta fari,
wadda kike ce wa “ke wagga”,
Luba